Kunnen Akuya a Jikin Tsohon Baƙo

An kai ƙarata wai misalaina sun cika tsawo. Mama Damaris ce ta faɗa a zumuntar mata, ta ce ranar Lahadin da ta wuce wakenta ya ƙone a kan murhu saboda ni. Ni da nake jawo muku ruwa daga rijiya mai zurfi, ba a ce mini sannu da jan guga ba, sai a ɗora mini laifin wake. To, na ji. Na yau gajere ne. In kuka ga ya yi tsawo, haƙurinku ne ya gajarta. A gyara zama.

Akwai wani mutum da ke aiki a lambun wani. Lambun kuwa ba na albasa da tumatir ba ne. Wani tsohon lambu ne a kan tudu mai sanyi, tun zamanin kakanni aka kafa shi, aka tattaro itatuwa daga ƙasashe dabam-dabam aka dasa, kowane itace da ɗan allo mai ɗauke da sunansa, domin masu neman sani su zo su koya, gajiyayyu kuma su zo su sha inuwa.

A tsakiyar lambun akwai wani babban itace, irin wanda kuke ji a karatu ana kira oak. Kakan mai lambun ne ya zo da ƙwayarsa a aljihu daga ƙetaren teku, ya binne ta da hannunsa. Itacen ya kama ƙasa, ya yi kauri har ƙarti sai sun haɗa hannu kafin su zagaye shi, rassansa suka baje kamar rumfar kasuwa. 'Ya'yansa ƙanana ne, kowanne da 'yar hularsa a ka kamar dattijo a wurin biki, amma ko an shuka su ba sa tsirowa a wannan ƙasa. Saboda ba shi da ɗan'uwa ko ɗaya a duk yankin, mutanen garin suka sa masa suna Tsohon Baƙo.

Wata rana mai lambun zai yi doguwar tafiya. Ya kira ma'aikacinsa zuwa gindin itacen, ya gyara allon da ke ɗaure a gaban kututturen, wanda ke da sunan itacen da sunan gidansu, ya ce masa, "Sauran itatuwan nan in sun mutu, na san inda zan samo irinsu. Wannan ba shi da na biyu. Ka share gindinsa, ka ba shi ruwa da rani. Abu ɗaya kawai na hana ka: kada ƙarfe ya taɓa jikinsa."

Ma'aikacin ya dafa ƙirji ya ce, "Ranka ya daɗe, sai dai ya fara taɓa nawa."

Mutumin nan ba malalaci ba ne, ba ɓarawo ba ne kuma. Kada wani ya je gida ya ce na ce ɓarawo ne. Ciwonsa ɗaya: yana son a yabe shi, kuma ba ya iya jure a ɗaure masa fuska. In baƙi suka zo, sai ya karkata hula, ya tsaya a gaban Tsohon Baƙo yana ba da tarihi, kullum yana ƙara wa itacen shekaru kamar mai ƙara ruwa a kunu. Mutane suka fara kiransa Sarkin Lambu. Ba wanda ya naɗa shi, amma bai taɓa cewa a daina ba.

Ana nan, sai ga surukarsa, uwar matarsa, ta shigo lambun tana dogara sanda. Ya durƙusa ya gaishe ta, idonsa a ƙasa.

Ta ce, "Ɗana, bayan nan ya hana ni surfe. Na sha maɗaci, na sha marke, na sha ƙirya, duk kamar na zuba a rairayi. An ce mini itacen da ya ƙetare teku bai mutu ba, babu ciwon da zai gagare shi. Ɗan sassaƙe nake so in jiƙa. Ba da yawa ba. Kamar kunnen akuya."

Kun san suruka. Ba a cin abinci a gabanta, ba a kama sunanta, balle a ɗaga kai a ce mata a'a. Mutumin ya buɗe baki zai ce mai lambun ya hana, sai kunya ta riƙe masa harshe. Ya ce a ransa, itacen da ƙarti ba sa iya rungumewa, me kunnen akuya zai rage masa? Ya zagaya bayan itacen, can ƙasa inda ido ba ya kaiwa, ya zaro wuƙa ya ɓantaro ɓawo, ya miƙa mata da hannu biyu.

Tsohuwa ta jiƙa ta sha, bayanta ya saki. Ko itacen ne, ko don ta huta da turmi kwana biyu ne, Allah ne masani. Ita dai ta bi gari tana faɗa. Ta faɗa a bakin rijiya, ta faɗa a wurin niƙa, ta faɗa a gidan makoki.

Kafin wata ya ƙare, ƙofar lambun ta zama kamar ta asibiti. Mai ciwon gwiwa ya zo. Mai ɓacin ciki ya zo. Wani ma lafiyarsa lau, ya ce a ba shi ya ajiye saboda gaba. Kowa da irin tasa gaisuwar: "Sarkin Lambu, mai hannun ba da magani! Sarkin Lambu, wanda bai san rowa ba!" Kowa kuma kunnen akuya yake nema. A duk tsawon lokacin nan ba a sami mutum ɗaya da ya ce a ba shi akuyar gaba ɗaya ba.

Mutumin bai taɓa karɓar ko kwabo ba. Kirari ne ladansa. Ya ba wa wancan, yaya zai hana wannan? Ya ba wa surukarsa, yaya zai hana kawunsa? Haka raunin ya fara daga baya, ya miƙo ta dama, ya miƙo ta hagu, yana zagaye gindin itacen kamar ɗamara.

Matarsa ta kawo masa abinci wata rana, ta zagaya baya, ta gani. Ta ajiye kwanon ta ce, "Baban Haggai, ba cewa aka yi kada ƙarfe ya taɓa shi ba?"

Ya ce, "Uwarki ce ta fara."

Ta ce, "Uwata ta roƙa. Wa ya riƙe wuƙar?"

Ya nuna sama da cokali ya ce, "Ɗaga kai ki duba. Ganye nawa kika ga ya kaɗe? Kore shar yake."

Ta ce, "Kaza ma in an yanka ta takan tashi da gudu."

Maganar ta dame shi. Sai dai maimakon ya ajiye wuƙa, dabara ya nemo. Ya kwaɓa laka, ya shafe duk inda ɓawo ya fita, ya sa tsinke ya zana mata layi-layi kamar ɓawon gaske. Da ta bushe, ya dama farar ƙasa ya shafe gindin itacen har zuwa ƙugu, yadda ake yi wa itatuwan bakin hanya in babban baƙo zai zo gari. Ya ja da baya ya duba, ya ga aikinsa ya yi kyau. Baƙi ma suka yaba, suka ce ba su taɓa ganin itace mai tsabta haka ba. Daga nan in mai roƙo ya zo, sai ya kankare ɗan wuri, ya yanka, ya mayar da laka, ya bi da fari.

Wuri ɗaya ne wuƙarsa ba ta je ba: ƙarƙashin allon nan da mai lambun ya ɗaura. Ba don amana ya bar shi ba. Nan ne idon kowa ke sauka, shi ya sa.

Rani ya wuce. Gab da faɗuwar damina mai lambun ya dawo, ya aika a gayyaci gari duka da baƙi daga nesa, domin a yi bikin tunawa da kafa lambun a inuwar Tsohon Baƙo. Ma'aikacin ya sake shafa farar ƙasa sabuwa fil, ya sa babbar rigarsa ta bikin Kirsimeti, ya karkata hula. Da jama'a suka taru, mai lambun ya ce masa, "Kai ka zauna da shi, kai za ka ba da tarihinsa."

Ya gyara murya ya fara. Ya kai wurin da ƙwayar ke cikin aljihu a tsakiyar teku, sai hadari ya taso daga gabas. Ruwan farko ne, irin mai zuwa da fushi. Jama'a suka matso suka cunkushe a gindin itacen don su fake. Ruwa ya bi rassa, ya gangaro ta kututture, ya iso wurin farar ƙasa. Farin ya fara zuba kamar nono. Lakar ta jiƙe, ta kumbura, ta saki. Wani ɓangare ya faɗo tim a kan takalmin Sarkin Lambu. Wani ya faɗo ta dama, wani ta hagu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kafin ruwan ya tsagaita, ga gindin Tsohon Baƙo tsirara a gaban gari duka, an feɗe shi zagaye, sawun wuƙa a jere kamar tsagar fuska.

Idon kowa ya koma kan Sarkin Lambu.

Mai lambun ya sunkuya, ya shafa raunin da tafin hannunsa. Sa'an nan ya ce, "Me ya ci itacena?"

Ma'aikacin ya ce, "Ranka ya daɗe... gara ce. Gara ta yi yawa bana."

Mai lambun ya ce, "Garar ta zo da wuƙarta, ko kai ka ara mata?"

Nan ne tsohuwa surukarsa ta ga kamar ana so a ci mutuncin mijin 'yarta, ta kutso da sandarta don ta cece shi. Ta ce, "Ranka ya daɗe, kada ka ga laifin yaron nan, ɗan albarka ne! Ka yi dace da ma'aikaci. Duk garin nan babu gidan da bai ba sassaƙen itacenka ba, kuma ko sisi ba ya karɓa. Ni ce ta farko, dubi bayana!" Ta miƙe tsaye ƙyam, ta juya don kowa ya gani. "Ku faɗa mana! Wa ya taɓa zuwa ya hana shi?"

Masu kirarin jiya kowa ya sami abin kallo a kan yatsun ƙafarsa. Mai ciwon gwiwa ya sulale ta bayan jama'a da saurin da ya nuna lallai ya warke.

Mutumin ya so ƙasa ta tsage ya shige. Babbar riga ta jiƙe ta manne masa, farar ƙasa ta ɓata gabanta. Ya cire hular da ya karkata, ya durƙusa a cikin taɓo, ya ciro mabuɗin lambun daga aljihu ya ɗaga sama, bai iya ɗaga ido tare da shi ba. Ya ce, "Ba gara ba ce. Ni ne. Na ji kunyar kowa, ban ji taka ba."

Mai lambun bai karɓi mabuɗin ba. Ya ce, "Ka san abin da ka yi? Abincin da ganye ke dafawa a sama, ta ƙarƙashin ɓawo yake sauka zuwa saiwa. In aka yanke ɓawon zagaye, ganye zai yi ta kore yana ruɗin mutane, saiwa kuwa tana mutuwa da yunwa a cikin ƙasa. Ranar da za ka ga alama a sama, an riga an gama a ƙasa."

Ya bi raunin da hannu, yana zagayawa a hankali, har ya iso gaba. Ya kwance igiya, ya ɗaga allon. A ƙarƙashinsa ga ɓawo lafiyayye, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, ya haɗa sama da ƙasa. Ya ce, "Ta nan yake shan rai. Da ka ƙara kunnen akuya ɗaya, da itacen wuta muke magana. Tashi. Ba korarka zan yi ba, aiki ne a gabanka."

Kun san yadda ake yi wa mangwaro aure, a yanko reshe mai kyau a haɗa shi da wani jiki a ɗaure har su zama ɗaya. Haka mai lambun ya yi. Ya yanko ƙananan rassa daga kan Tsohon Baƙo, ya fere bakinsu, ya soke kan kowanne a ɓawon sama, gindinsa a ɓawon ƙasa, suka tsallake raunin kamar gadoji. Wuƙar da ta yi ɓarna, ita ya karɓa ya yi aikin da ita. Ya koya wa ma'aikacin yadda zai ɗaure su, da yadda zai kare su daga rana da awaki.

Da suka gama, ma'aikacin ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, in kawo laka in rufe sauran? Don idon baƙi."

Mai lambun ya ce, "Laka tana riƙe danshi, rauni ya ruɓe a ƙarƙashinta. A bar shi ya sha iska. Ba laka, ba farar ƙasa. Baƙi za su tambaya, kai kuma kana nan."

Wannan ya fi masa kora zafi. Kowace safiya sai ya tsaya a gindin itacen da rauninsa a fili. Baƙo ya zo ya karanta allo, ya dubi ƙasa, ya ce, "Subhana! Wane mara imani ne ya yi wannan?" Shi kuma ya ce, "Ni ne." Tarihin teku da aljihu ya gajarce, shekarun da ya ƙara wa itacen duk suka zube. Ba wanda ya ƙara kiransa Sarkin Lambu, sai masu tsokana in zai wuce kasuwa: "Sarki, ya gara?" Wani babban reshe ta yamma ya bushe, dole aka sare shi, kututturensa yana nan har yau. Ma'aikacin da kansa ya ja zarto, yana ja yana share ido, yana cewa garin katako ne ya shiga.

Da sanyi ya shigo, sai ga sanda tana ƙwanƙwasa ƙofar lambu. Surukarsa ce.

Ta ce, "Ɗana, bayan nan ya dawo. Na ga a ƙarƙashin allon can akwai sauran mai kyau. Ba da yawa ba. Rabin kunnen akuya ma ya isa."

Ya durƙusa kamar yadda ya saba, idonsa a ƙasa. Kunyar nan ta dā ta taso ta kama masa harshe. Ya dubi allon, ya dubi 'yan rassan da aka ɗaure. Ya ce, "Inna, a'a."

Ta ce, "Me ka ce?"

Ya ce, "A'a, Inna. Ba nawa ba ne. Gobe in kai ki asibiti a kan kekena, surfen kuma ki aiko a yi miki a gidana. Amma itacen nan, a'a."

Ta buga sanda a ƙasa ta ce, "Yau na ga ƙarshen zamani! Na ba ka 'ya sukutum, ka hana ni ɓawon itace!" Ta juya ta fita tana faɗa, ta faɗa a bakin rijiya, ta faɗa a wurin niƙa. Har sanyi ya wuce ba ta amsa gaisuwarsa ba. Fushin nata bai kashe shi ba. Da damina ta zagayo, ya kwance ɗaurin ya duba, ya tarar 'yan rassan sun kama sama sun kama ƙasa, sun fara kauri. Tsohon Baƙo ya fitar da sabon ganye.

Ma'anar wannan misali ita ce: mai lambun shi ne Ubangiji. Tsohon itacen nan da ba shi da na biyu, shi ne ran da ya ba ka amana, da duk abin da ya damƙa a hannunka ya ce ka tsare: aurenka, gaskiyar bakinka, 'ya'yanka, aikin da aka yarda da kai a kansa. Ma'aikacin kuwa, na ga kuna waige-waige. Dattijo Barnaba, daina kallon maƙwabcinka. Tun ɗazu kuke dariya, ni kuwa na bar ku ku yi ta yi, don na san wanda kuke yi wa. Kai ne. Ke ce.

Kunnen akuya shi ne ƙaramin zunubin da ake roƙonka cikin ladabi. Mugun ba ya zuwa da gatari, ya san za ka yi ihu. Yakan aiko wanda kake jin nauyinsa. Ɗan'uwa ya ce ka shaide shi a kan abin da ba ka gani ba, magana ɗaya ce kawai. Abokai su ce ka ɗan zauna, kada ka watsa musu ƙasa a ido. Babba ya kawo gulmar wani, ka gyaɗa kai don kada ya ce ka raina shi. Kunya abu ne mai kyau, iyayenmu sun koya mana ita, kuma ban ce a je a yi wa surukai rashin ladabi a ce ni na aike ku ba. Mutumin nan a durƙushe ya ce a'a. Amma kunyar da ta sa ka ji nauyin kowa ban da Mai lambu, ba kunya ba ce, tsoron mutane ne ya sa rigar kunya.

Laka da farar ƙasa kun san su, wasunmu da su muka shigo yau. Kyakkyawar riga, babbar murya a waƙa, amin mai ƙarfi. Koren ganye shi ne abin da ke ruɗinmu, mu ce ai ba abin da ya faru, ga shi ina ci ina sha, ana gaishe ni a hanya. Saiwa ba ta kuka a ji. Ruwan farko kuma zai zo, ba ya aiko da saƙo, kuma ya fi son ranar taro. Masu kirarinka a ranar za su shagala da kallon yatsun ƙafarsu.

Amma ku tuna da abin da ke ƙarƙashin allo. A ranar da aka yi maka baftisma, an ɗaura sunan Mai lambu a kanka. Wurin nan da ya rage da rai, ba cancantarka ce ta tsare shi ba, alherinsa ne. Ta nan zai fara gyara. Yesu Almasihu ba ya karɓe mabuɗi daga hannun wanda ya durƙusa ya ce ni ne. Yakan sa gada a kan raunin da kai ba ka iya rufewa. Sai dai ba ya aiki a ƙarƙashin laka, kuma wani reshen da ya bushe ba zai dawo ba. Tabon zai zauna, za a tambaye ka, za ka ji zafin amsawa. Gara wannan zafin da a mai da kai itacen wuta kana sanye da farar riga.

Saboda haka kada ka jira hadari. Ka je yau ka kankare lakarka da hannunka, ka nuna masa wurin. In kuma sandar nan ta ƙwanƙwasa ƙofarka cikin makon nan, tana neman rabin kunnen akuya, ka durƙusa da ladabi, ka sunkuyar da kai, ka ce a'a.

Wanda Allah ya ba kunne, kada ya mai da shi maratayin hula. Mama Damaris, je ki sauke wakenki. Sauranmu, mu sunkuyar da kai mu yi addu'a.